Ƙirƙirarriyar Basira da Rashin Haihuwar Namiji: Sharhi a kan Dogaro da Ƙudurin 1986

Duk lokacin da aka tambayi malamanmu hukuncin amfani da ƙirƙirarriyar basira wajen magance rashin haihuwar namiji, sai su koma ga ƙudurin da Majma'ul Fiƙhil Islami ya zartar a Amman a 1407/1986, wanda ya halatta haɗa maniyyin miji da ƙwan matarsa a wajen mahaifa idan buƙata ta kama, ya haramta shigowar mutum na uku. Ƙudurin daidai ne a muhallinsa, amma tsayawa a kansa taƙaita bincike ne.

A 2025 likitocin Jami'ar Columbia da ke Amurka suka sanar da samun ciki ta hanyar na'urar STAR, wadda ke tace miliyoyin hotuna ta zaƙulo 'yan ƙwayoyin maniyyi daga namijin da aka fid da ran zai haihu. Irin wannan mutum ne ake kwaɗaita wa maniyyin wani, don haka a nan na'urar hidima take yi wa manufar kiyaye nasaba.

Inda ƙudurin bai kai ba shi ne babin amana da lamuni. Na'ura ba mukallafiya ba ce, ba a siffanta ta da adalci, ba ta rantsuwa. Idan ta zaɓi ƙwaya mai illa, ko aka gauraya maniyyin wani da na wani saboda dogaro da ita, wa zai lamunta: likita, asibiti ko kamfani? Abin da muke rinjayarwa shi ne halacci, bisa sharaɗin amintaccen likita ya tabbatar da kowane mataki, lamuni kuma ya hau kansa gwargwadon sakacinsa. Allah ne mafi sani.