Littafi Da Majigi

Cikin 1933 Malam Abubakar Imam yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina ya rubuta *Ruwan Bagaja*, don gasar da Dokta East ya shirya a Zariya. Gasar nan kuwa ita ta haifi *Shaihu Umar* na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Littattafan biyu tagwaye ne wajen haihuwa, amma ba su zama ɗaya a gaban na'urar ɗaukar hoto ba.

*Shaihu Umar* ya karɓi majigi da sauƙi. Adamu Halilu ya mai da shi fim cikin 1976, aka gyara shi aka nuna a Balin ta Jamus cikin 2018. Dalili kuwa, labarinsa hanya ɗaya ya bi: an sace yaro, ayari ya ƙetare Sahara da shi, uwa ta bi sawu tana cigiya. Raƙuma da rairayi da hawaye duk abubuwa ne da ido ke iya kamawa.

*Ruwan Bagaja* ba haka ya ke ba. Daɗinsa yana bakin Alhaji Imam, wanda ke ba Koje Sarkin Labari tarihin yawonsa da makircinsu da Malam Zurƙe. Mai karatu yana dariya, yana kuma tantama ko mutumin nan shara ta ya ke yi. To, da zarar an nuna aljannu da ruwan nan ƙuru-ƙuru a allo, tantama ta ƙare, ƙarya mai gishiri ta koma zance lami. Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma a nan korar hasara ce.

Mutanen Daura sun fi kowa sanin wannan. Yaron da kakarsa ta ba shi labarin Bayajidda da macijin rijiyar Kusugu, shi ya ke ƙera macijin a zuciyarsa, ya yi masa girman da ya ga dama. Mai fim kuwa tilas ya kawo maciji guda, wanda ba zai kai na zuci ba har abada.

Saboda haka wanda ya sha wahala a ajin yaƙi da jahilci har ya iya karatu, kada ya yar da littafi don ya ga fim ɗinsa a talabijin. Wajibi ne kuma masu shirya fim su fara tambaya: ƙarfin labarin nan yana ga abin da ya faru ne, ko ga bakin mai faɗinsa? In ga baki ya ke, rediyo ya fi dacewa da shi.