Ido da Haƙuri: Nazari kan Koyon Sana'ar Hoto a Kankiya da Kusada

Kafin waya ta shiga aljihun kowa, mai hoto mutum ne da ake nema a garuruwa irin Kankiya da Kusada. Ranar sallah yara kan cika ƙofar shagonsa da sababbin kaya, ɗalibi ya zo neman hoton fasfo, a gidan biki kuwa amarya ba ta cire gyale sai ya iso. Ita ma sana'ar, kamar ɗinki da ƙira, a gaban ubangida ake koyonta.

Yaron shago yakan fara da shara da riƙon jaka, sannan a aike shi Kano ko Katsina ya kai fim wanki. Sai ya daɗe kafin a ba shi kyamara. A wannan zaman jiran ne ake ba shi ainihin karatun. Yana kallon yadda maigida ke gyara wa dattijo karin hula, ya ɗan ɗaga masa haɓa, ya ja shi da hira har fuskarsa ta saki. Yana jin ana cewa kada a tsayar da mai farar babbar riga a tsakar rana, a bari sai bayan la'asar in haske ya yi laushi. Yana kuma koyon ladabi: ba a shiga cikin gida sai da sallama, ba a ɗaukar matar aure sai da izini. Fim ɗaya hoto 36 ne, kowanne da kuɗinsa, don haka dole ido ya auna kafin yatsa ya danna. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

Manyan gwanayen Afirka ta Yamma ma ta wannan ƙofa suka shigo. Malick Sidibe na Mali ya fara ne a 1955 a shagon wani Bafaranshe a Bamako, ya yi ta bin bukukuwan matasan birnin, har a 2007 aka ba shi babbar lambar yabo a Benis ta ƙasar Italiya. A Najeriya, Okhai Ojeikere ya duƙufa kan kitson mata tun 1968, ya tara hotuna kusan dubu kafin rasuwarsa a 2014. Dukansu abin da ke ƙofar gidansu suka riƙe, suka yi shekaru a kansa.

Yau matashi a Kusada yana iya ɗaukar hoto ɗari kafin azahar ba tare da ya kashe ko sisi ba. Wannan sauƙi alheri ne, amma ya tafi da tsoron ɓarna wanda shi ke horar da ido. Abin da ya rage wa mai son sana'ar shi ne ya ɗora wa kansa horon. Ya nemi tsohon mai hoto a garinsu, ya roƙe shi ya buɗe masa tsofaffin hotunansa, ya tambayi dalilin kowace tsayuwa. Sannan ya zaɓi abu guda, ko sussukar gero, ko lallen amare, ko hazon hunturu a kan titin Kano zuwa Katsina, ya riƙa komawa gare shi kowane mako. Bayan shekara goma, jikokin waɗannan masussuka a wurinsa za su zo neman fuskar kakanninsu.