Ƙamusun Bargery da Hausar Kudancin Katsina

A cikin 1934 aka buga babban ƙamusun Hausa na G. P. Bargery. Aiki ne na ƙwarai, gama mutumin bai tsaya ga Hausar Kano kaɗai ba. In kalma ta wata ƙasa ce, sai ya sa mata alama: Katsina, ko Sakkwato, ko Zazzau.

Amma alama ɗaya ba ta ishi ƙasar Katsina ba. Birnin yana can arewa. Ƙanƙara da Faskari kuwa iyaka su ke da Zamfara, Sabuwa tana daf da ƙasar Zazzau, inda a kan ce "rigan Audu" maimakon "rigar Audu". Wanda ya tashi tsakanin waɗannan, in ya ga bakinsa ya saɓa da littafi, sai ya zaci kuskure ya ke yi. Ai ba kuskure ba ne.

Bargery ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Saura malaman jami'a, kuma lokaci ya ƙure musu. Rashin zaman lafiya ya tashi ƙauyuka da yawa a wannan yanki, tsofaffi sun watse cikin garuruwa, jikokinsu suna ta ɗaukar Hausar rediyo.