Marubuta Waƙoƙin da Suka Ƙi Ɗaukar Bindiga

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, samari kusan 12,000 a Amurka sun ƙi shiga soja saboda imaninsu ya haramta musu zubar da jini, sai gwamnati ta tura su sansanonin aikin ƙarfi, inda suka yi ta dashen itatuwa da kashe gobarar daji ba tare da albashi ba, alhali jama'a na yi musu kallon matsorata. Marubuta waƙoƙin da ke cikinsu sun cancanci jinjina, domin da babu su, da adabin wancan zamani ya rasa muryar mutumin da ya zaɓi wahala a kan kisa. William Stafford, wanda ya zauna a irin waɗannan sansanoni daga 1942 zuwa 1946, yakan tashi tun kafin asuba ya yi rubutu kafin a fita aiki, kuma bai bar wannan ɗabi'a ba har ya rasu a 1993. A sansanin Waldport na jihar Oregon kuwa, William Everson da abokansa kan dawo daga daji a gajiye, su zauna suna jera haruffan ɗab'i ɗaya bayan ɗaya da hannu, suna buga ƙananan littattafan waƙoƙi.