Mai fito da mataccen da ba a rufe ba

Mai karatu, yau za mu auna wata tatsuniya ta Rumawan da. Tana cikin waƙar wani mawaƙi mai suna Birjil, wanda ya mutu shekara 19 kafin haihuwar Annabi Isa. Sunan waƙar Eneyida. Kashi 12 gare ta. A kashi na 6 jarumi Ene ya shiga ƙasar matattu da ransa, don ya ga ubansa.

Ga abin da ya tarar. Akwai babban kogi. Matattu sun yi cincirindo a bakinsa, suna miƙa hannu. Wani tsoho mai fito, Karon, yana ɗaukar waɗansu cikin jirginsa, yana korar waɗansu. Wanda aka rufe gawarsa shi ke ƙetarewa. Wanda ba a rufe ba sai ya yi shekara 100 yana gantali a bakin ruwa.

Cikin korarrun akwai Palinur, matuƙin jirgin Ene. Barci ya kwashe shi, ya faɗa teku. Ya yi kwana uku yana iyo. Da ya kai gaɓa, mutanen wurin suka kashe shi, suka bar gawar. Ya roƙi Ene ya zuba mishi ƙasa, ko ya ƙetare da shi. Bokanyar da ke ma Ene jagora ta hana.

To, ka duba. Wace laifi Palinur ya yi? Waɗansu suka yi ɓarna, shi ya sha horo. Nan dokar tatsuniyar ba ta da adalci. Birjil kansa bai ɓoye wannan ba, don ya nuna Ene ya tsaya yana jin tausayinsu. Aka lallashi Palinur da alkawarin kabari, da cewa wurin zai ɗauki sunansa. Har yau akwai wani tsauni a bakin teku, kudancin Italiya, da ake kira Palinuro. Amma suna ba ya biyan rai.

Duk da haka muna yaba waƙar. A ganinmu, da masu rai take magana. Mamaci ba ya iya yi ma kansa komi, sai abin da ƴan uwa suka yi mishi. Shi ya sa roƙon Palinur ya fi dodannin da ke cikin waƙar taɓa zuciya.

Ka karanta ma abokanka da dare. Ku tambayi juna: hukuncin Karon daidai ne?