Fitilar Hanuka a Hunturun Abuja

A ƙarshen Nuwamba ko cikin Disamba, lokacin da hazon hunturu ke lulluɓe Dutsen Aso, Yahudawa kan yi dare takwas suna kunna fitilar Hanuka. A Abuja ma ana yi: a majami'ar Gihon da ke Jikwoyi, da Tikvat Israel a Kubwa, inda galibin masu ibada Ibo ne, da kuma cibiyar ƙungiyar Yahudawa ta Chabad da 'yan Isra'ila mazauna birnin ke zuwa.

Asalin bikin yaƙi ne. A shekara ta 164 kafin haihuwar Annabi Isa, mayaƙan Yahudawa da ake kira Makabiyawa suka ƙwato Haikalin Kudus daga hannun Sarki Antiyokus na huɗu, suka tsarkake shi. Ruwayar malamansu ta ce man zaitun mai tsarki da aka tarar na kwana ɗaya ne kacal, amma ya kai kwana takwas yana ci. Shi ya sa fitilar ke da kai tara. Takwas na dararen ne, ana ƙara ɗaya kowane dare; na taran hidima ce aikinsa, da shi ake kunna sauran. Albarkacin man ne kuma ake soye-soye. Yahudawan Gabashin Turai wainar dankali suke yi, na Maroko wani irin fanke, a Isra'ila kuwa soyayyen ƙullin fulawa mai zaƙi a ciki. Sharaɗin dai a ji mai, don haka ƙosai ma da ya wadatar.

A ma'aunin addininsu ƙaramin biki ne. Babu shi a Attaura, ba a hana aiki a cikinsa. Maƙwabtaka da Kirsimeti ce ta kumbura shi a Amurka, da kyaututtukan yara, da ƙatuwar fitilar da ake kunnawa daura da Fadar White House tun 1979. A ganina wannan ado ne kawai. Ƙarfinsa yana cikin ƙa'idar da ta ce a ajiye fitilar a bakin ƙofa ko taga, inda mai wucewa zai gani. Ibada ce da ba ta son ɓuya.

Nan ne lamarin Abuja ya fi ɗaukar hankali. Hukumar malaman addini ta Isra'ila ba ta amince da Ibo a matsayin Yahudawa ba, yawancin masu ibadar kuma daga coci suka fito, Ibrananci ma da taimakon intanet da littattafan baƙi suka koya. Ga irin wannan jama'a, labarin Makabiyawa, 'yan tsirarun da suka ƙi sakin addininsu, ba tatsuniya ba ce. Farfesa William Miles, Ba'amurken da ya zauna a ƙauyukan Hausa ya rubuta littafi kan yadda iyakar Najeriya da Nijar ta raba su, ya halarci Hanukar waɗannan Ibo a Abuja, kuma littafinsa kan Yahudawan Najeriya ya fito a 2013. Tambayar da ke bin su har yanzu ita ce wa ke da ikon tantance Bayahude: malaman Kudus, ko mai kunna fitilar a Kubwa.