Jinjina ga Malaman Nazarin Littafi Mai Tsarki na Gwantu

A Gwantu, hedikwatar ƙaramar hukumar Sanga, akwai masu hidimar da ba a cika kiran sunansu a taro ba: malaman makarantar Lahadi da masu jagorantar nazarin Littafi Mai Tsarki a tsakiyar mako. Yawancinsu manoma ne, ko malaman firamare, ko iyayenmu na Zumuntar Mata, kuma ba albashi suke karɓa ba.

Aikin ba ƙarami ba ne. Malami zai karanta aya da Hausa, ya warware ta da Numana ko Ninzo domin tsohuwar da ke bayan aji, sannan ya juyo ga ɗan sakandare mai riƙe da Littafi Mai Tsarki na Turanci a wayarsa. Wanda ya fi burge ni shi ne malamin da ba ya gaggawar amsa tambaya. Sai ya sa a buɗe wani babi, a gwada wannan da wancan, har mai tambayar ya gano da kansa.

Hidimar tana da asali. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Dakta Walter Miller na Zariya ya sha wahalarsa, kuma makarantar Baibul ta Kagoro ta daɗe tana yaye masu koyarwa ga majami'un yankin Kafanchan. Ta wannan hanya kakanni da dama suka fara sanin baƙi.

Da damina, an dawo daga gona a gajiye, amma malaman majami'un ERCC da na ECWA ba sa fashin aji. Allah ya saka musu da alheri.